192.168.1.1: Tarihin Ɗan Akwatin da Ke Raba Mana Intanet

A gidajenmu da yawa yanzu akwai wani ɗan akwati, fari ko baƙi, a kan firji ko a bakin taga, fitilunsa suna ƙyaftawa dare da rana. Ba mai kula shi sai ranar da fitilar ta koma ja. Ranar ce za a ji Hajiya daga ɗaki tana cewa a kira mata wane, abin nan ya daina. Mu da muka karanta kwamfuta a jami'a mu ne wanen. A idon dangi, amfanin digirinmu biyu ne: mu cire wayar akwatin daga soket mu mayar, mu kuma riƙe kalmar sirri.

Idan kuka juya akwatin, wanda ake kira rauta, za ku ga takarda manne a bayansa ɗauke da wasu lambobi: 192.168.0.1, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1. Na gidanku, da na maƙwabcinku, da na wani gida a Jakarta, kusan duk lamba ɗaya ce. Adireshi ne, amma wanda miliyoyin gidaje suke amsawa a lokaci guda ba tare da saƙon wani ya faɗa gidan wani ba. Yadda aka yi hakan ta yiwu labari ne na sama da shekara hamsin, kuma babu wanda ya zauna tun farko ya tsara shi. Faci ne aka yi ta ɗorawa a kan faci, har rigar ta zama abin da muke sawa yau.

Zancen ya faro ne daga tsibiran Hawai. Jami'ar can tana da babbar kwamfuta a Honolulu, rassanta kuma suna warwatse a wasu tsibiran, ga teku a tsakani, ga hayar layin tarho da tsada. Sai wani malami, Norman Abramson, da abokan aikinsa suka koma ga rediyo. A 1971 tsarinsu mai suna ALOHAnet ya fara aiki. Matsalar da suka fuskanta ita ce dai wadda rautarku take fuskanta yanzu haka: hanya ɗaya ce, masu son magana da yawa. Maganin da suka kawo yana da sauƙi har ya so ya ba da dariya. Duk mai saƙo ya aika kawai. Idan bai ji an amsa ba, to ya yi karo da wani ke nan, sai ya ɗan dakata ya sake. Sirrin yana cikin dakatawar: kowa da tsawon tasa, kuma ƙuri'a ce ke zaɓa masa. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya san wannan. Mutum biyu sun buɗe baki tare, sai duka su yi shiru, can sai ɗaya ya riga. Da a ce daidai wa daida suke dakatawa, da sun kwana suna karo.

Wani matashi, Robert Metcalfe, ya karanta aikin Abramson. Yana aiki a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Palo Alto, inda ake ƙera ƙananan kwamfutoci da wata sabuwar firinta, ana neman yadda za a haɗa su. Ranar 22 ga Mayu, 1973 ya rubuta takardar da ta haifi Ethernet, shi da David Boggs kuma suka gina ta. Sun ɗauko dabarar Hawai suka sa ta cikin kebul, suka ƙara mata ladabi guda: kafin ka yi magana, saurara ka ji ko wani yana yi. Gudunta bai cika megabit 3 a daƙiƙa ba. A 1980 kamfanonin Xerox da Intel da DEC suka fitar da ƙa'idojinta fili don kowa ya ƙera, abin da ya sa ta binne kishiyoyinta ke nan. Ramukan nan huɗu da ke bayan rautarku jikokinta ne. An ba Metcalfe lambar Turing ta 2022, wadda ita ce mafi girma a fagenmu. Boggs ya rasu a farkon shekarar, sunansa kuma ba kowa ya sani ba.

Duk wannan harkar ofis ce. Gidan Ba'amurke na shekarun 1990 kwamfuta ɗaya ce da layin tarho ɗaya, da modem mai kuka kamar an taka mage. Idan yaro ya hau intanet, mai kiran gidan sai ya haƙura. Ba wanda yake da abin rabawa. Abin ya sauya ne a ƙarshen shekarun, lokacin da intanet mai sauri ya fara shiga gidaje ta kebul ɗin talabijin da kuma ta tsohuwar wayar tarho da fasahar DSL. Layi ne da ba a kashewa, kuɗinsa ƙayyadadde a wata, ko ka sha kaɗan ko ka sha da yawa. A daidai lokacin kuma kwamfuta ta biyu ta fara shiga gidaje. Sai ga cikas: kamfani adireshi ɗaya yake ba gida. Mai son na biyu, a wurin kamfanoni da dama, sai ya ƙara kuɗi duk wata.

Rowar tana da asali. A 1981 aka tsayar da tsarin adireshin intanet da muke kira IPv4, aka yanka masa tsawon da zai ba da adireshi kusan biliyan 4.3. A lokacin kwamfutocin da ke kan hanyar ɗaruruwa ne kawai, don haka aka yi ta rabo kamar gonar da ba ta da iyaka. Jami'ar MIT ta samu sama da miliyan 16. Apple haka, kamfanin motoci na Ford haka. Ma'aikatar tsaron Amurka ta kwashi irin wannan kaso fiye da goma. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1990 injiniyoyi suka hango ƙarshen rumbun. Suka shirya magani biyu. Na dindindin shi ne IPv6, wanda aka fitar a 1995, mai adireshin da ba ya ƙarewa. Na wucin gadi shi ne wanda Kjeld Egevang da Paul Francis suka rubuta a watan Mayun 1994, ana kiransa NAT. Su da kansu suka ce na ɗan lokaci ne, har suka jera illolinsa a cikin takardar. Shekara talatin ke nan, na wucin gadin ne yake riƙe da gidajenmu.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane NAT, domin zaure ne. Gidan gandu mai mutum talatin ƙofa ɗaya gare shi a kan titi, kuma duniya sunan maigida ta sani. A ciki kuwa kowa da sunansa: akwai Baba Ƙarami, akwai Inna, akwai Auta. Gidan da ke kallonku ma akwai Auta, ba kuma a taɓa rikicewa ba, saboda sunan cikin gida ba ya fita waje. A 1994 aka keɓe wasu jerin lambobi aka ce waɗannan sunayen cikin gida ne, kowa ya ɗauka, ba za su taɓa hawa titi ba. Masu farawa da 192.168 suna cikinsu, haka masu farawa da 10. Rauta ita ce yaron da ke zaune a zaure da littafi. Wayar Auta ta nemi bidiyo, sai yaron ya goge sunan Auta ya rubuta sunan gidan, ya manna wata lambar shaida, ya rubuta a littafinsa cewa lamba kaza ta Auta ce. Amsa ta dawo ɗauke da lambar, ya duba littafi, ya miƙa mata. Sau dubbai yake yin haka kafin ku ƙyafta ido. Kamfani daga waje mutum ɗaya yake gani, mai tsananin son bidiyo.

Amma yaron zauren nan yana da hali guda. Baƙon da ba wanda ya aika a kira shi, idan ya yi sallama, yaron zai duba littafi ya ga babu sunansa, sai ya yi banza da shi. Wannan ya yi rana. A 2003 da 2004, lokacin da ƙwayoyin cutar kwamfuta irin su Blaster da Sasser suke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna kama kwamfutocin Windows, waɗanda ke bayan rauta galibi sun tsira, ba don an yi nufin kare su ba. Sai dai kuɗin da aka biya yana da yawa, kuma mu masu rubuta manhaja mun fi kowa jin sa. Intanet na asali an gina shi ne a kan cewa kowace kwamfuta tana da ƙofa a kan titi, tana iya tambaya, ana iya tambayarta. Bayan NAT, na'urorin gida suka koma masu roƙo kawai. Mu rubuta manhaja a laftof a Kano, mu so aboki a Zariya ya gwada ta, sai mun yi hayar kwamfuta a wata ƙasa da dala mun ɗora ta a can, sannan shi ya je can ya gani. Ba NAT kaɗai ya miƙa intanet a hannun manyan kamfanoni ƙalilan ba, amma ya share musu hanya sosai.

Masu raba layi na farko a gida 'yan ƙwaƙwa ne. Su samo tsohuwar kwamfuta, su sa mata katin Ethernet biyu da manhajar Linux, su ajiye ta a lungu tana gurnani dare da rana. A 1999 Microsoft ya sa wannan dabara cikin bugu na biyu na Windows 98, amma sharaɗin yana nan: idan Baba ya kashe kwamfutarsa, gida duka ya mutu. Waɗanda suka mayar da abin ɗan akwati su ne Victor da Janie Tsao, mata da miji 'yan asalin Taiwan, da suka kafa Linksys a garejin gidansu a Kalifoniya a 1988. A 1999 suka fitar da rauta mai rami huɗu a kan dala 199, kuɗin da magidanci zai iya cirewa ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Bayan shekara huɗu Cisco ya saye kamfanin a kan dala miliyan 500.

Saura waya. Ba kowace uwargida ce za ta yarda a fasa mata bango a ja shuɗin kebul ta tsakar falo ba, a Amurka ko a nan.

A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, bisa nacin wani injiniyanta mai suna Michael Marcus, ta buɗe wasu zangunan rediyo uku ta ce kowa ya yi amfani da su ba lasisi, muddin ba zai ɗaga murya da yawa ba. Ba kyauta ce ta a zo a gani ba. Zangunan juji ne, cike da hayaniyar injinan masana'antu da na asibiti. Na'urar ɗumama abinci ma a nan take, wajen gigahaz 2.4, shi ya sa har yau wani lokaci kunna ta yake sa bidiyo ya tsaya. A wannan jujin ne injiniyoyin kamfanin NCR a ƙasar Holan suka gina hanyar haɗa injinan karɓar kuɗi na kantuna ba tare da waya ba. Ɗaya daga cikinsu, Vic Hayes, ya shugabanci kwamitin da ya sha shekaru yana jayayya kafin ya fitar da ƙa'idar 802.11 a 1997, mai gudun megabit 2. A 1999 aka kai 11. A watan Yulin shekarar, a birnin New York, Steve Jobs ya ɗaga laftof ɗin iBook yana buɗe shafin intanet, ya zura ta cikin wani zobe don mutane su ga babu waya. Sunan Wi-Fi kuwa wani kamfanin talla aka biya ya ƙirƙiro shi, ba gajarta wata magana ba ce. Akwai labarin da ke yawo a Facebook cewa jarumar fim Hedy Lamarr ce ta ƙirƙiro Wi-Fi. Gaskiya ne ita da George Antheil sun yi rajistar wata dabarar sauya zangon rediyo a 1942, kuma ta cancanci yabo, amma tsakanin wannan da abin da ke kan firjinku akwai tafiya mai nisa da hannaye masu yawa.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a nan shi ne lissafin. A watan Janairun 2001 Najeriya ta yi gwanjon zangon GSM, kowane lasisi dala miliyan 285. Wannan fili ne mai takarda, mai katanga. Amma a cikin gidajenmu, taku na ƙarshe da data take yi kafin ta shiga waya, a kan filin jujin nan take yin sa, wanda ba wanda ya saya.

A ƙarshen 2002 Linksys ya fitar da WRT54G, shuɗiya da baƙi mai ƙaho biyu, wadda ta haɗa yaron zaure da Wi-Fi a akwati ɗaya. Tun daga ita siffar abin ba ta sauya sosai ba. Sai wasu masu tone-tone suka gano cewa Linux ce a cikinta, lasisin Linux kuma ya wajabta wa duk wanda ya sayar da ita ya saki asalin rubutun manhajar. Aka matsa, a 2003 aka saki. Daga nan aka samu OpenWrt a 2004, mutane suka riƙa cire ƙwaƙwalwar kamfani suna sa tasu. Ƙungiyoyi irin su Freifunk a Jamus da guifi.net a ƙauyukan Kataloniya suka riƙa haɗa rufin gida da rufin gida, unguwa ta gina hanyarta da kanta.

Kalmar sirri daga baya ta zama dole. A farkon shekarun 2000 yawancin rautoci a buɗe suke, da sunan da suka fito da shi daga kwali, mai wucewa ya tsaya a gindin bishiya ya sha. Makullin farko, WEP, masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna a 2001 cewa ruɓaɓɓe ne. Aka kawo WPA a 2003, WPA2 a 2004. A Jamus ma kotun ƙoli ta tarayya ta yanke a 2010 cewa wanda ya bar Wi-Fi ɗinsa a buɗe yana iya ɗaukar alhakin abin da baƙo ya aikata da shi, sai a 2017 aka sassauta dokar.

To, duk labarin nan an gina shi ne a kan abu ɗaya: waya ta riga ta iso gidan. A wurinmu ba ta iso ba. Kafin 2001 layukan tarho masu aiki a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. DSL ba ta samu inda za ta taka ba. Saboda haka wurin da muka fara ganin an raba layi ɗaya ga kwamfutoci da yawa ba gida ba ne, kafe ne. Dish a kan rufi yana kallon tauraron ɗan'adam, janareta a baya, shuɗin kebul yana bin bango, mai kafe a teburinsa yana sayar da tikitin minti talatin. A nan muka cike JAMB, a nan muka duba sakamakon WAEC da katin da ake kankarewa, gaba yana faɗuwa, shafi yana sauka layi bayan layi saboda mutum ashirin ne a kan siririn layi guda. Waɗanda suka yi burauzin ɗin kwana sun san dalilin da ya sa ƙarfe uku na dare ya fi daɗi: rabin mutane sun yi barci a kan kibod.

Tsadar tana da dalili. Kebul ɗaya ne na ƙarƙashin teku, SAT-3, da ya fara aiki a 2002, yana hannun NITEL, kuma a Legas ya tsaya. Sai a 2010 MainOne, wanda Funke Opeke ta kafa, ya jawo nasa daga Fotugal, Glo-1 ma ya fara aiki a shekarar, farashin sari ya faɗi. Amma daga bakin teku zuwa Kano akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, da harajin haƙa rami a kowace jiha, da katafilar aikin titi da ba ta san faiba ba. Abin da ya ƙarasa zuwa ƙofar gidajenmu ƙarfen sabis ne. Muka bi ta modem ɗin da ake soka wa laftof, muka zo hosfot na waya, muka zo MiFi da ake sawa a aljihu, sannan rauta mai cin sim. Siffar akwatin ta Kalifoniya ce, amma bayansa babu waya, sai data da ake aunawa kamar man fetur.

Wannan bambancin ya fi yadda ake zato girma. A da, idan wutar murhu ta mutu, a aiki yarinya maƙwabta da kasko ta ɗebo garwashi. Ba a hanawa, domin wutar mai bayarwa ba ta raguwa. Ga Ba'amurke mai biyan kuɗi ƙayyadadde, ba maƙwabci Wi-Fi kusan ɗibar wuta ne. A wurinmu ɗibar hatsi ne daga rumbu. Shi ya sa tambayar kalmar sirri take da nauyi a bakin mai tambaya da kunnen wanda aka tambaya, shi ya sa kuma ake ƙarya a kanta tsakanin mutanen da ba sa yi wa juna ƙarya a kan komai.

Mun taɓa zama a wani gidan haya inda ɗaki huɗu muka yi karo-karo muka sayi rauta da datar wata. Ranar sha ɗaya ta ƙare. Aka taru a tsakar gida bayan isha'i, kuma kafin a fara magana kowa ya riga ya yanke hukunci: ɗan maƙwabciyarmu ne, yaro ɗan sakandare da kullum ake ganinsa da waya yana kallon fina-finai masu dogon zango. Uwarsa ta ƙwace wayar a gaban kowa. Yaron ya rantse, ba wanda ya saurare shi. Da dare muka shiga 192.168.8.1 muka duba lissafin kowace na'ura. Abin da yaron ya sha bai taka kara ya karya ba. Wayoyin manya ne, waɗanda da sun ji Wi-Fi sai su fara sabunta manhajoji da kwashe hotunan biki zuwa ma'ajiyar kamfani, domin waɗanda suka ƙera su sun rubuta musu cewa datar sim tsada gare ta, Wi-Fi kuwa kyauta ne. Wanda ya fi kowa ci kuma laftof ɗinmu ce, da ta sauke sabon Windows cikin dare ba ta yi shawara da kowa ba. Mun faɗa, amma sai da muka kwana biyu muna neman bakin faɗa, wayar yaron kuma tana cikin akwatin uwarsa duk tsawon lokacin. Akwai wurin da ake gaya wa waya da laftof cewa wannan Wi-Fi ɗin na awo ne, su kama kansu. A ɓoye yake cikin saituna, kuma ba a kunne yake zuwa ba.

Ginin ma bai dace da zaton masu ƙera akwatin ba. Gidan Amurka katako ne da allo, sigina yana ratsa shi kamar labule. Namu bulo ne da dakin mai rodi, ko katangar ƙasa mai kauri. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri amma bango biyu ya ishe shi, na 2.4 ya fi juriya amma ya fi cunkoso. Wanda ya kulle rauta a ɗakin maigida don kada yara su taɓa, ya kulle rabin kuɗinsa tare da ita. Ga kuma wuta. Ba don komai MiFi ta yi kasuwa a nan ba sai don tana da batir.

Akwai kuma wani zauren a gaban zaurenmu. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011 hukumar da ke rabon adireshi a duniya ta miƙa kasonta na ƙarshe na IPv4. Afirka ta zo rabo a makare. Duk abin da hukumar nahiyar, AFRINIC, ta samu bai kai abin da ma'aikatar tsaron Amurka ita kaɗai take riƙe da shi ba. Don haka kamfanonin waya suka ɗauki dabarar 1994 suka faɗaɗa ta, suka tara kwastomomi masu ɗimbin yawa a bayan adireshi guda. Rautarku da kuke ganin tana bakin titi, a gaskiya cikin wani lungu take. Shi ya sa wanda ya sa kyamara a shagonsa ba ya iya leƙa ta kai tsaye daga gida sai ta hannun kamfanin da ya ƙera ta. Shi ya sa wani shafin yake tsare ku yana tambaya ko ku mutane ne: wani da kuke amsa adireshi ɗaya da shi ne ya yi ɓarna, aka shafa muku.

Mutane da yawa ba su san rauta makulli biyu gare ta ba. Akwai na Wi-Fi, wanda ake faɗa a kansa, wanda kuma tun fitowar Android 10 a 2019 duk wanda aka sa wa a waya yana iya nuna wa wani da hoton lamba guda. Akwai kuma na ɗakin sarrafa akwatin, wanda sau da yawa "admin" ne sama da ƙasa, kamar yadda ya fito daga kwali. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin na'urori tana gwada kalmomin sirri kusan sittin na masana'anta, ta tara rautoci da kyamarori dubu ɗaruruwa ta mayar da su runduna. Ranar 21 ga Oktoba aka tura rundunar kan kamfanin Dyn, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ɗauke a sassan Amurka. Bayan 'yan makonni wani ɗan Birtaniya ya juya irin wannan rundunar kan wani kamfanin waya a Laberiya, har intanet ɗin ƙasar ya jigata, daga baya kotu a Landan ta ɗaure shi. Masu akwatunan ba su san an yi yaƙi da kayansu ba.

A watan Janairun 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka, a 2025 kuma ya shiga Nijar a hukumance. Dish ya dawo kan rufi. Kuɗinsa ya fi ƙarfin gida ɗaya a yawancin unguwanni, sai matasa suka yi abin da aka saba: su sayi ɗaya, su haɗa shi da rautar MikroTik ta ƙasar Latbiya, su ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe, su buga tikitin awa da na kwana. Kafe ne ba kujeru, kwastoma yana zaune a dakalin ƙofar gidansu. Sharuɗɗan layin gida ba su yarda a sayar wa wasu ba, kamar yadda kamfanonin kebul na Amurka ba su so kwamfuta ta biyu ba a 1999. A garin da ƙarfen sabis ɗaya ne kuma ba kullum yake da mai ba, ba mu ga wanda zai tsaya karanta sharuɗɗa ba.

Ranar 14 ga Maris, 2024, azumi yana 'yan kwanakinsa na farko, fitilar akwatin gidanmu tana kore amma komai ya tsaya. Hajiya tana son sauraron tafsiri, aka aiko a kira mu. Muka duba, yaron zaure yana nan lafiya, littafinsa a buɗe, kowace waya ta samu sunanta na cikin gida. Can labari ya fara fitowa cewa kebul huɗu ne suka lalace a ƙarƙashin teku daura da gaɓar Kodebuwa: WACS, da ACE, da MainOne, da tsohon SAT-3. Bankuna suka rikice, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka shiga duhu, gyaran kuma sai da jiragen ruwa suka zo, aka ɗauki makonni. Muka yi wa Hajiya bayani dalla-dalla, da teku, da jirgi, da nisan wurin. Ta saurara har muka gama, sannan ta ce, "To, ka dai cire ka mayar mu gani."

Muka cire, muka ƙirga goma, muka mayar.